Hedimasta a Tsakiyar Titin Jirgi

Likitan dabbobi ne, amma duk Asabar da la'asar sai ya rufe ƙofar ɗakin karatunsa, ya maƙala abin sauraro a kunne, ya koma ma'aikacin hasumiyar jirage. Wasa ne na kwamfuta. Mutane na zaune a gidajensu suna tuƙa jirage ta intanet, shi kuma yana ganinsu a allo kamar ƙudaje, yana gaya wa kowa da baki lokacin da zai sauka. Babu fasinja, babu wanda zai ƙwarzane ko da yatsa. Amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gaban surukinsa.

Surukin nan, mahaifin matarsa, tsohon hedimasta ne. Da ya yi ritaya ya rasa wanda zai tsawata wa, sai Likita, garin neman shiga, ya koya masa wasan. Cikin wata uku Hedimasta ya rubuta wa ƙungiyar 'yan wasan doka shafi tara a kan abu guda: yadda matuƙi zai yi idan layinsa ya katse yana sama. Kada ya dawo inda ya ɓace. Ya koma wurin ajiye jirage, ya rubuta wa hasumiya ban haƙuri, ya jira izini. Wanda ya saɓa, a dakatar da shi mako guda. Mutum huɗu ya sa aka dakatar, ciki har da wani direban tanka da ake kira Guguwa, wanda babban laifinsa shi ne an ɗauke wuta a unguwarsu.

Wata Asabar jirage bakwai suka jeru suna jiran sauka. Hedimasta ne a gaba, lamba sha huɗu, Guguwa na biye da shi.

"Sha huɗu, titi naka ne, sauka," in ji Likita.

"Sha huɗu zai sauka," Hedimasta ya amsa, da muryar nan da yake kiran 'yan makara a bakin ƙofar makaranta.

Sai ɗigonsa ya ɓace daga allo.

Likita ya kira sau uku, shiru. Ya jira minti biyu kamar yadda dokar ta ce, sannan ya ba Guguwa titi. Guguwa ya saukar da tayoyi, saura ƙiris ya taɓa ƙasa, sai ga jirgin Hedimasta ya ɓullo a tsakiyar titin, a gicciye, kamar motar da ta mace a mararraba. Da yake a wasan jirage ba sa karo, Guguwa ya shige ta fiffike ɗaya ya fita ta ɗayan.

Sai Guguwa ya yi gyaran murya.

"Hasumiya, ina neman bayani. Kamar yanzun nan na ratsa ta cikin shafi na uku na dokarmu."

Shekara goma sha biyu da auren 'yar mutumin nan, bai taɓa ce masa ko matsa ba. Ya danna makirufo.

"Baba, don Allah, idan da hali..."

"Babu Baba a sararin sama. Kira ni da lambata."

"Sha huɗu, kuna tsakiyar titi."

"Mu nawa? Jirgi ɗaya nake gani."

"Kana tsakiyar titi," in ji Likita, yana jin kalmar kamar ya haɗiyi ƙaya.

"Ina da ido. Me doka ta ce?"

Kafin ya buɗe baki wani matuƙi daga baya ya taya shi: "Sakin layi na biyu, ranka ya daɗe! Mun haddace!" Wani kuma ya manta makirufonsa a buɗe, ana jin dariyarsa har da dukan tebur.

"Doka ta ce a fitar da kai, mako guda," in ji Likita a hankali.

"To me kake jira? In zo in riƙe maka hannu?"

Likita ya danna. Jirgin ya ɓace. Ya saukar da sauran biyar ɗin, kuma bai taɓa jin matuƙa masu ladabi irin na ranar ba. Kowa ya sauka sai ya yi wa hasumiya addu'ar Allah ya ƙara ƙarfin hali.

Yana cire abin sauraro matarsa ta turo ƙofa da waya a hannu.

"Dakta, wai babana ka kora daga sama? Sannu da aiki. Ga Umma."

Umma ba ta ko tsaya gaisuwa ba. Ta ce ba intanet ba ne, ba kuma wuta aka ɗauke ba. Malam ne da kansa ya shuri filogi da ƙafa garin taka fedar tuƙa jirgin, soket ɗin kuwa tun bara take cewa ya saki. Da ya ga allo ya yi baƙi sai ya rarrafa ƙarƙashin tebur ya mayar, ya danna komai da sauri bai duba inda na'urar za ta ajiye shi ba.

Takardar ban haƙurin ta iso ƙungiya kafin magariba, shafi biyu cif. Haƙurin layi ɗaya ne. Sauran duk kurakuran hasumiya ne: ta kira matuƙi Baba, ta yi jinkirin daƙiƙa arba'in kafin ta yanke hukunci, kuma muryarta na rawa. Ya ba da shawarar a sake horar da ita. Guguwa ne ya fara amsawa, ya ce ya yafe duniya da lahira.

Washegari Likita ya je gaisuwa da sukudireba a aljihu. Ya shige ƙarƙashin teburin surukinsa yana ɗaure soket, Hedimasta na tsaye a kansa da tocila, yana haska ko'ina ban da inda ake aikin. Babu wanda ya ɗauko zancen jiya. Umma ce ta leƙo, riƙe da wata doguwar takarda.

"Malam, tunda mako guda kana ƙasa, sandar labulen falo na jiranka. Ga famfon kicin. Ranar Laraba kuma ka kai ni gidan yayata."

Hedimasta ya bi takardar da ido har ƙasa. Ya jira ta juya, sannan ya sunkuyo ya rage murya.

"Likita, wannan hukuncin naka, ba a ɗaukaka ƙara?"

Likita ya ƙara cusa kai ƙarƙashin tebur, ya ce a ɗan haska masa ta hagu.