Batirin Auta

A bayan garin Hamamatsu, tsakanin wata gonar lemo da layin dogo, iyalin Kurebayashi suna da ƙaramar masana'antar walda. Abu ɗaya suke ƙerawa, ƙarfen da ke riƙe salansar babur. Akwai Genzo mai gidan, da matarsa Tomie, da 'yarsu tilo Misuzu, da Tokuji ƙanen Tomie, wanda bakinsa ba ya hutawa. Cikon na biyar mutum-mutumi ne mai hannu ɗaya, wanda Genzo ya saya tun Misuzu tana firamare, ya raɗa masa suna Auta.

Aiki bai yanke musu ba. Abin da suka rasa shi ne hannun Genzo. Tun bazara shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ta tafi da hannunsa na dama, ta haɗa da maganarsa. Misuzu ta bar aikinta na ofis ta dawo gida.

Irin wannan mutum-mutumi bai san walda da kansa ba, koya masa ake yi. Mutum zai riƙe allon koyarwa, ya tura hannun a hankali har bakin ƙarfe, ya adana wurin, ya matsa gaba kaɗan, ya sake adanawa. Genzo ya yi shekaru yana gyara waɗannan wurare, har ɗinkin waldar Auta ya koma sak nasa. Shi ya sa Tomie kan dafa akwatin sarrafawa ta ce, "Hannun babanki yana nan ciki. Muddin yana nan, ba mu faɗi ba."

Doka ɗaya Genzo ya dasa wa 'yarsa tun tana ƙarama: ba a taɓa inji da wuta a jikinsa. A kashe, a nuna makunnin da yatsa, a faɗa da baki, sannan a taɓa.

Ranar babbar sharar ƙarshen shekara, Misuzu ta tuna da ɗan gargaɗin da allon ya kwana biyu yana nunawa, cewa batir ya yi sanyi. Bai kamata tsohon abu ya tsallaka sabuwar shekara ba. Ta sauke babban makunni, ta miƙe yatsa ta ce, "Wuta a kashe, daidai!" Ta buɗe murfin da ke gindin Auta, ta zare tsofaffin batura, ta goge gurbinsu tas, ta sa sababbi. Sannan ta ɗora curin shinkafar sabuwar shekara a ɗan teburin da ke gefensa, da lemo a samansa, ta rusuna masa, ta rufe ƙofa.

Da hutu ya ƙare suka kunna wuta, allon ya cika da jan rubutu. Auta ko motsi.

"Ƙaninki ya yi tatul da giyar biki," in ji Tokuji. "Miƙo nan, 'yar ofis."

"Kawu, mu kira masu gyara mana."

"A ranar farko? Su ma giyar ba ta gama sakin su ba."

Ya yi ta latse-latse har ya iso inda allon ke tambaya ko a ɗauki tsayuwar hannun ta yanzu a matsayin mafari. Ya danna e. Jan rubutu ya ɓace. Tokuji ya ɗaga gira, ya rufe shingen da ke kewaye da Auta, ya tayar da aiki.

Maimakon Auta ya sunkuya kan ƙarfen kamar kullum, sai ya murɗe baya ta wata fuska da ba su taɓa gani ba. Ya share curin shinkafar daga tebur, ya dawo ya caka bakin waldarsa a jikin maƙalar da ke riƙe ƙarfen aiki. Ƙarar ta cika ɗakin. Misuzu ba ta san lokacin da tafinta ya faɗa kan jan maɓallin tsayar da inji ba.

Lemon ya gangaro ta ƙarƙashin shinge ya tsaya a ƙafar Tomie, wadda ta fito da tiren shayi ta daskare a bakin ƙofa. Bakin waldar ya lanƙwashe kamar ƙugiya.

Bayan azahar Injiniya Nagakura ta iso, mace mai furfura da jakar kayan aiki. Ta karanta allon, ta duba gindin Auta.

"Wa ya canza batir?"

"Ni ce," in ji Misuzu. "Sai da na kashe wuta tukuna."

"Kika kashe?"

"Har na nuna da yatsa."

Nagakura ta cire tabarau ta dube ta, ba da faɗa ba. "'Yata, wannan shi ne abu ɗaya da ake canzawa da wuta a kunne. Kowace gaɓa tasa tana riƙe da lissafin inda ta lanƙwasa. In akwai wuta, wuta ke riƙe mata. In babu, batir ne. Ke kuwa kin ɗauke duka biyun lokaci guda."

Misuzu ta zauna a kan wani akwati. "Aikin Baba ya goge ke nan?"

"Bai goge ba, duk yana nan. Kamar mutum ne da ya haddace hanya daga ƙofar gidansa, taku kaza dama, taku kaza hagu. An ɗauke shi yana barci an ajiye a tsakiyar kasuwa, sannan wani ya ce masa nan ne ƙofar gidanka." Ta waiwaya. "Wa ya gaya masa haka?"

Tokuji ya shiga goge wani ƙarfe da ba shi da datti.

Nagakura ta juya gaɓoɓin shida ɗaya bayan ɗaya, tana daidaita 'yan zanen da ke jikin kowace, ta sa sabon bakin walda. Aka gwada a hankali. Auta ya sunkuya inda ya saba, har Tomie ta sauke ajiyar zuciya. Amma da aka ɗago ƙarfen, ɗinkin ya kauce wa haɗin da kamar kaurin farce. Tokuji ya buga shi da guduma, ya rabe biyu.

"Iyakar abin da ido da zane za su iya ke nan," in ji Nagakura. "Saura sai wanda ya koya masa ya bi wuraren ɗaya-ɗaya ya gyara."

Duk sun san inda wanda ya koya masa yake.

"Amma Mama," Misuzu ta ce, "ban taɓa ganin Baba ya canza batirin nan ba. Ko sau ɗaya."

Tomie ta ajiye tiren da ta manta tana riƙe da shi. "Duk shekara yake canzawa, da safen ranar shara. Wa ake aika sayen curin shinkafa can bakin tasha, alhali ga shago a ƙofar gida?"

Misuzu ta tuna, ita ce ake aikawa duk shekara.

"Cewa ya yi, ranar da kika ga hannunsa a jikin inji da wuta a kunne, dokar ta mutu. Ya ce zai gaya miki in kin girma." Tomie ta share ido da gefen riga. "Kin girma, shi bai lura ba. Ni kuma bana ciwonsa ya mantar da ni."

Suka turo Genzo a kekensa na marasa lafiya, da bargo a gwiwa. Ya daɗe yana kallon lanƙwasasshen bakin waldar da ke ƙasa, da ƙarfen da ya rabe. Misuzu ta durƙusa gabansa tana neman gafara, goshinta ya kusa taɓa siminti. Bai bar ta ta gama ba. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna allon koyarwa, sannan ya nuna ta.

A bayan allon akwai wani maɓalli da sai an riƙe shi Auta ke motsi. In ka saki, ya tsaya. In ka matse da ƙarfi ma, ya tsaya. Misuzu ta kama, tsoro ya sa ta damƙe, Auta ya ƙame. Ta sake, ya sake ƙamewa.

"Ba wuyan kawunki ba ne, sassauta," in ji Tokuji.

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Genzo, wanda rabonsu da ji tun bazara. Dariya ce.

Ta sassauta. Hannun Auta ya taho a hankali. Genzo yana ƙwanƙwasa hannun kekensa da yatsa, tana matsawa. Ya shimfiɗa tafi, ta tsaya, ta adana. Suka wuce wuri na gaba. Ɗinkin farko ya fito da ƙuraje, Genzo ya girgiza kai. Na biyu ya ƙone gefe. Kafin rana ta faɗi sun samu guda wanda ya jure gudumar Tokuji, ko da yake bai kai na da kyau ba, kuma sauran wuraren suna nan jibge suna jiran gobe da jibi.

Misuzu ta rataye allon, yatsunta sun sage. Ta gane cewa babanta ya koya mata yadda za ta tsira da hannunta ne kawai, aikin kansa bai koya mata ba tukuna, kuma dole ta karɓe shi yanzu, tun yana iya ƙwanƙwasa mata keke.