Akwatunan Imel na Baba

Ranar da likita ya tabbatar cewa hawan jinin ido ya cinye mafi yawan ganin Baba, tun ba su fita daga harabar asibiti ba Yaya ya yanke hukunci.

"A miƙa wa wani gandun nan," in ji shi, yana tayar da mota. "Imel-imel ɗin nan kuma a soke su. Tsoho ya huta."

Auta, ƙanwarsa, tana zaune a gefensa. Ta waiga ta dubi mahaifinsu a kujerar baya, yana shafa fuskar wayarsa da babban yatsa kamar mai lallashin kyanwa. Nan take ta ƙudura a ranta cewa ba za a soke komai ba.

Tun da Baba ya bar koyarwa yake renon dashen itatuwa a gandunsa da ke bayan gari: mangwaro, lemo, gwaiba, kowanne cikin baƙar ledarsa. Adireshin imel uku gare shi. Ɗaya na gandu ne, inda makarantu da masu lambu ke neman dashe. Ɗaya na ƙungiyar tsofaffin malamai, wadda shi ne sakatarenta. Na ukun nasa ne na kansa, na zumunci da shiririta. Kowanne kuma da inda yake kwana: na gandu a tsohuwar kwamfutar ofis, na ƙungiya a kwamfutar gida, nasa a waya.

Auta ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce, ta saba da aikin da ba ya son garaje. Ta ce za ta tattaro akwatunan uku cikin manhaja guda a wayarta, ta riƙa amsa saƙo a madadinsa. Faɗa da baki ya fi aikatawa sauƙi. Baba ya manta kalmar sirrin biyu daga ciki. Ɗaya ya ce sai an tura lamba zuwa wani tsohon layi, wanda ta tono a aljihun tebur, cikin ƙunshin irin gwanda. Ɗayan kuma ya yi tambayar tsaro: wane ne amininka na yarinta?

"Dogo mana," in ji Baba.

Ta rubuta, aka ce ba haka ba. Ta gwada cikakken sunansa, aka ƙi. Can sai kafaɗun Baba suka fara rawa don dariya.

"Rubuta Ɓarawon Gwaiba."

Akwati ya buɗe.

Abin ya fara tafiya. A hutun cin abinci Auta kan zauna a bencin bayan ɗakin gwaji ta amsa wa masu neman dashe, ta tura wa 'yan ƙungiya sanarwar taro. Da yamma ta gaya wa Baba abin da ya shigo a taƙaice, shi kuma ya gyaɗa kai ya ce madalla. Ba ta lura cewa madallar tana ƙara gajarta ba.

Wata rana saƙon Dogo ya shigo akwatin zumunci: "Kai tsohon biri, kana raye kuwa?" Ana kiranta ta karɓi jinin wani maras lafiya, sai ta amsa a gurguje, ba ta duba layin da ke nuna daga wane adireshi saƙo zai fita ba. Ya fita ta na gandu, da sa hannun gandu a ƙasa.

Washegari da hantsi, tana gandun tana taya ban ruwa, sai ga Dogo ya faɗo, hula a karkace, yana haki.

"Ina yake? Ku gaya mini gaskiya, ina yake?"

"Ga ni nan, uban 'yan gaggawa," in ji Baba daga ƙarƙashin rumfa.

Dogo ya zube a kan wani buhun taki, ya zaro waya ya karanta da ƙarfi: "'Ina nan lafiya, na gode da kulawarka. Mun gode da tuntuɓarmu, gamsuwarku ita ce burinmu.' Tun muna yawo ba wando mutumin nan bai taɓa gode mini ba. Na ce shi ke nan, ya tafi, 'ya'yansa ne ke ɓoye mini."

Suka yi dariya har Dogo ya share ƙwalla. Amma bayan ya tafi, Baba ya kira ta.

"Auta, zauna." Ya laluba ya kama hannunta. "Allah ya yi miki albarka, kin yi ƙoƙari. Sai dai idona ne ya tafi, uwata. Bakina yana nan, hankalina yana nan."

Maganar ta soke ta. Ta so ta ce ai don shi take yi, ta haɗiye. Ta gane ta hana Yaya rufe akwatunan, ita kuma ta kwashe makullan ta zuba a jakarta.

"To, Baba," ta ce. "Kai za ka riƙa yi da kanka. Ko sama da ƙasa za su haɗu sai ka iya."

Ta ɗauki hutu a wurin aiki. Ta sa akwatunan uku a wayarsa, ta kunna muryar da ke karanta abin da ke kan allo, ta ba kowane akwati ƙararsa: na gandu ƙararrawa, na ƙungiya ganga, na zumunci kukan tsuntsu. Ta gyara sa hannun kowanne, ta saita manhajar yadda amsa za ta riƙa fita ta adireshin da saƙon ya shigo. Sai wata matsala ta ɓullo: saƙonnin gandu suna ɓacewa daga waya. Ta yi ta bincike kafin ta gano tsohuwar kwamfutar ofis ce ke kwashe su ta adana a cikinta ita kaɗai, duk lokacin da aka kunna ta. Ta sake saita ta, har ya zama abin da aka karanta a waya ya nuna an karanta a ko'ina.

Koyarwar ce ta fi wuya. Tsohon malami ba ya son zama ɗalibi. Yatsunsa sun saba da ƙasa da wuƙar dashe, gilashi yana zille musu. In ya yi magana don wayar ta rubuta, sai ta ji gwaiba ta rubuta gaba. Ya yi jifa da ita kan katifa ya fi a ƙirga.

"Wannan matar ta cikin waya kurma ce!"

"Ba kurma ba ce, kai ne kake yi mata tsawa kamar 'yar aji ɗaya," in ji Auta, tana ɗauko wayar ta mayar masa a hannu. "Sake. Kafin ka tura, taɓa sama ka ji wane ne kai."

Ya taɓa. Muryar ta ce, "Daga: Sakataren ƙungiya."

"To ni ba sakatare ba ne yanzu, mai gandu ne."

"Sai ka canza."

A hankali hannu ya faɗa. Ran da hutunta zai ƙare, ƙararrawa ta kaɗa suna zaune a rumfa. Baba ya ɗaga mata hannu alamar kada ta motsa. Ya saurari saƙon: wata shugabar makaranta ce ke son itatuwan inuwa a filin wasa. Ya taɓa sama, ya ji sunan gandu, sannan ya gyara murya ya faɗi amsarsa dalla-dalla, har da gargaɗin kada a dasa kusa da katanga saboda saiwa. Ya sa aka maimaita masa, ya gyara kalma ɗaya, ya tura.

Auta ta ciro wayarta. A gabansa ta cire akwatunan ɗaya bayan ɗaya, tana faɗa masa sunan kowanne. Da ta gama, manhajar ta koma fayau, saura nata ita kaɗai. Ta rasa ko daɗi take ji ko kewa.

Baba ya karkata kai wajen layin lemo yana saurare.

"Auta, ruwa ya tsaya. Ɗaga ƙafarki, kin taka tiyo."