Ajin Malam Ƙarasa Ya Yi Shiru

Babana bai taɓa gama magana a gaban aji ba. Tun kafin a haife ni yake koyar da 'yan firamare, kuma salonsa bai canza ba: zai ɗauko magana, ya kai ta gab da ƙarshe, ya tsaya cak, ya ɗaga alli, ya karkata kunne. "Tsiro ba ya rayuwa sai da hasken…" Sai yara su ɗauka baki ɗaya: "Rana!" Shi ya sa suke ce masa Malam Ƙarasa. Ya san da sunan, har ma yana jin daɗinsa. Mu ma a gida ba mu tsira ba. In ya ce, "Miƙo mini…" sai dai ka yi ta canka, ko hula ce ko tabarau.

Ana nan sai aka yi wani ruwa da iska, ta yaye rufin makarantar ta kai shi filin ƙwallo. Shugabar makaranta ta ce gyara zai ɗauki lokaci, don haka karatu ya koma ta waya, kowa daga gidansu.

Ni da nake hutun jami'a, nan take aka naɗa ni injiniya ba tare da an nemi ra'ayina ba. Na jingina wayar da gwangwanin maɓallan Mama a kan teburin guga, muka mayar da bayan ƙofar ɗaki allo. Baba ya sa rigarsa ta zuwa taro, har da fesa turare. Na ce, "Baba, ƙanshi fa ba ya bin waya." Ya ce in kama bakina.

Ranar farko ba karatu aka yi ba, kasuwa aka ci. Zakaru na cara, jarirai na tsala kuka, injin niƙa na ruri, wata uwa tana faɗa kan wanda ya bar mata bokiti a hanya. Washegari shugaba ta kafa doka: a rufe muryar kowane yaro, a kashe hoto kuma, tunda sabis ba ƙarfi. Abin da ya rage wa Baba shi ne 'yan baƙaƙen akwatuna, kowane da suna a ƙasa.

Ya gyara murya, ya fara. "Duniya tana zagaya…" Ya ɗaga alli, ya karkata kunne. Ba abin da muka ji sai fanka.

Mama ta ji tausayinsa, ta amso daga kicin: "Kasuwa!"

"Ke kuma wa ya sa da ke?"

"To ai na ga an bar ka da hannu a sama ne."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Amma da kwanaki suka ja, abin ya daina ba ni dariya. Baba zai tsaya, ya jira, ya jira, sannan ya ƙarasa da kansa a hankali, kamar mai biyan tara. Ya daina fesa turaren. Shayinsa ma sai ya huce bai taɓa ba. Wallahi raina ya ɓaci, don ban taɓa ganin babana ya ƙanƙance haka ba.

Ranar Juma'a, da na kashe wayar, ya zauna a bakin gado ya cire tabarau.

"Ranar Litinin zan je wurin shugaba," ya ce. "Ta ba yaron nan sabon malami ajina. Shi ya iya danne-danne. Ni kuma in ajiye alli, ya isa haka."

"Haba Baba! Suna jin ka fa."

"Suna ji na? Sun kunna waya sun tafi wasa. Da bango nake magana, 'yar nan. Bangon ma na gidana."

Ni ma a raina haka nake zato. Mama ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce in ya zauna a gida ita zai mayar ɗaliba, kuma ba za ta iya ba. Ko gezau.

Ranar Asabar da hantsi aka yi sallama. Wani ƙaton mutum ne, idanunsa jajir, fuskar nan ba alamar wasa. Ya ce shi mai gadi ne a wani kamfanin katako, 'yarsa tana ajin Baba. Aka shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, na laɓe a bakin ƙofa.

"Malam, ƙara na kawo," ya ce, "kuma ƙararka na kawo wurinka."

"Subhanallahi. Me na yi?"

"Ni da dare nake aiki, da safe nake barci. Ɗakinmu ɗaya ne, kuma babu inda waya ke kamawa sai tagar da ke saitin kaina. Da na fara lumshe ido sai in ji an ƙwala mini 'Rana!' a tsakar kunne. In juya, in ji 'Huhu!' In ja bargo, in ji 'Tara!' Ba 'yata kaɗai ba, tagwayen maƙwabcina ma 'yan ajinka ne, ta bayan katanga suke taya ta, kamar ana gasa."

Baba ya kafe shi da ido.

"Matata ta ce yanzu har cikin barci nake amsawa. Shekaranjiya manajanmu ya ce, 'In ka zo ka rufe…' ya tsaya neman makulli a aljihu. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba: 'Ƙofa!' Saura kaɗan mutumin ya faɗi."

Mama ta fashe da dariya a kicin. Baba bai yi ba. Ya matso gaba a kan tabarma.

"Kana nufin suna amsawa?"

"Amsawa? Malam, gilashin taga har rawa yake."

"Kullum?"

"Ba fashi. In ka daɗe ba ka tsaya ba ma, sai 'yar tawa ta yi ta tsaki, wai yau Malam ya cika zuba."

Baba ya cire tabarau ya hau goge shi da bakin riga. Ya goge, ya goge, alhali gilashin fes yake. Sai na kau da kai, don ni ma idona ya ciko.

Mai gadi ya rikice. "Malam, ban zo don in ɓata maka rai ba. Roƙona kawai, ka ce su riƙa rage murya."

"Ka yi haƙuri, ɗan'uwa," in ji Baba. "An shiga hakkinka. Ranar Litinin zan gaya musu."

Ranar Litinin Baba bai je wurin shugaba ba. Tun kafin in gama jingina waya yana tsaye a gaban ƙofa da alli a hannu. Na zauna a gefe har aka tashi, ina jiran in ji ya cika wa bawan Allah nan alkawari.

Bai gaya musu ba.