Ƙofar Obasan

"Gadon nan ba zai shiga ba," in ji ma'aikacin motar asibiti, wani Bature mai kaki. "Wa ke da almakashin waya?"

Shigeru Hamasaki yana da shi, don aikin lambu yake yi a gidajen Turawan San Francisco. Shekarar 1956 ce, da hantsi, har ya sa takalmin aiki matarsa Fumiko ta ji nishi daga ɗakin ƙasa. Tsohuwa Morishige, wadda duk gidan ke kira Obasan, wato Goggo da yaren Japan, ta faɗi tun safe, ƙugunta ya karye. Ba dama a ɗauke ta da hannu.

Ƙofarta kuwa rabi take buɗuwa. A bayan ƙofar akwai mutum-mutumi na wayar ƙarfe, tsayin Shigeru, siffar ɗanta Noboru da ya mutu a yaƙi. Shekara uku tana saƙa shi, maɗauki cikin maɗauki, da waya ɗaya da ba ta taɓa yankewa ba. Da ta fara, a jikin bututun ruwan da ya tashi daga ƙasa zuwa rufi ta naɗe shi don ya tsaya, saƙar ta rufe bututun. Yanzu ba ya matsuwa ko taƙi. Ita siririya ce, ta saba ratsawa.

Shigeru ya matsa ya shiga, ya durƙusa kusa da ita.

"Obasan, kafaɗar kawai zan yanke."

"Ka taɓa ganin an yanke zare ɗaya a safa?" Muryarta ƙasa-ƙasa. "Duk zai saki. Kai da ko shingen Misis Parker da kake yi wa aikin lambu ba ka iya daidaitawa."

"Za ki saƙa wani."

"Da waɗanne yatsu?"

Ya dubi yatsun, duk sun kanannaɗe, sun yi baƙi. Ya tuna tare suka zauna a sansanin da aka tsare Japanawa lokacin yaƙi, bayan shingen waya, ita ta riƙe masa 'yarsa ta fari sa'ad da Fumiko ke kwance da zazzaɓi. Ya kuma tuna bai taɓa yi wa Bature mai kaki musu ba.

"Malam, muna da wani kiran," in ji ma'aikacin daga waje.

Shigeru ya sa bakin almakashin a kafaɗar. Tsohuwar ta juya fuska bango.

Sai ya cire. "Fumiko, miƙo sukudireba. Ƙofar zan cire."

"Zai daɗe, baban yara."

"Miƙo dai."

Ƙusoshin sun sha fenti kala-kala. Ya kankare, ya murɗa. Na farko ya fita, na biyu ya fita, na uku kansa ya lalace.

"Hagu ake murɗawa, Shige-chan," in ji tsohuwar, da sunan lelen da take kiransa.

"Na sani, Obasan."

Yana kan na biyar Fumiko ta taɓa bayansa, don tsohuwar ta daina numfashi. Bai juyo ba, ya ci gaba har na shida ya fita. Suka ɗaga ƙofar su biyu da ma'aikacin, gadon ya shige ba tare da ya taɓa komai ba. Ba wanda ya ƙara yin sauri.

Da la'asar yara suka dawo daga makaranta, suka tarar da ƙofa jingine a baranda, mahaifinsu zaune a ƙasan matakala da takalmin aiki. Ƙaramar ta ajiye jakarta, ta zauna kusa da shi, tana tsince ɓawon fentin da ya manne a wandonsa.