Ranar Cika-Ciki a Arba wa Nus

"Ɗauke min kofin nan, Wijdan. Na ce miki azumi nake."

Mardiya na tsaye a bakin ƙofa da kwano a hannu lokacin da tsohuwar ta ture hannun 'yarta, ruwan ya zube a kan bargo. Wijdan ta juyo, idanunta jawur.

"Ki yi mata magana, ya Mardiya. Likita ya hana ta azumi. Ni ba ta jin tawa."

Tun da Mardiya ta biyo mijinta Ayuba daga Sakkwato, shi yana karatu a Azhar, suka kama ɗaki a wannan bene na unguwar Arba wa Nus, Inna Fatna ce ta zame mata uwa. Ƙofarsu na kallon juna. A Maiurno ta ƙasar Sudan aka haifi tsohuwar, amma kakanninta daga ƙasar Sakkwato suka taso a ƙafa. Hausarta irin ta mutanen da ce, wadda Mardiya ta saba ji a bakin kakarta kawai. Ciwon ƙoda ya kawo ta Alƙahira, ita da 'yarta Wijdan, wadda ke rainon yaran wani gida a Zamalek, unguwar masu hali.

"Me kika riƙo?" in ji tsohuwar.

"Ummu Karim ta ƙasa ce ta ce a kawo miki. Dafaffiyar alkama ce da madara da zabibi. Wai abincinsu ne na Ashura."

"Ajiye min, sai an sha ruwa." Ta nuna gefen gado, Mardiya ta zauna. "Yau fa ba ƙaramar rana ba ce, 'yata. A irin ta yau Allah ya fitar da Annabi Musa daga ƙasar nan, wannan da muke zaune a cikinta. A irin ta yau aka ce jirgin Annabi Nuhu ya tsaya. Mu kuma a gida, yau ake dafa wutsiyar ragon layya, yara su ci har su kasa tashi. Ku ma kuna yi?"

"Muna yi, Inna. Cika-ciki."

"Cika-ciki," ta maimaita a hankali, kamar mai tsotsar alewa. "Ran cika-ciki aka binne kakata. Ina yarinya, na leƙa ta katanga na hango maza suna tona."

Rediyon maƙwabta na ta maimaita cewa daga yau an ɗage dokar hana fita da dare da aka yi watanni ana fama da ita. Wayar Wijdan ta yi ƙara, ta fita baranda. Nan da nan tsohuwar ta cafke hannun Mardiya, da ƙarfin da ba a zaci tana da shi ba.

"Kin san yadda suke binne mutum a garin nan? Ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, da matakala. A sauka da kai, a kwantar da kai kusa da waɗanda suka riga ka, a rufe ƙofa. Ban ce laifi ba ne, al'adarsu ce. Amma ni tsoro nake ji. Ni a tona min rami, a zuba min ƙasa, yadda aka yi wa iyayena."

"Inna, ki daina wannan maganar. Za ki tashi."

"Haka Wijdan take ce min, sai ta toshe kunne ta hau kuka. Ke ba zan karɓa daga gare ki ba. Kin ɗauki wannan amanar?"

Mardiya ta dafa hannun tsohuwar. "Na ɗauka, Inna."

Bayan la'asar numfashin tsohuwar ya canza. Wijdan ta riƙe ƙafafunta tana kiran "Yumma, Yumma," yadda mutanen Sudan ke kiran uwa, Mardiya kuma ta sunkuya daidai kunnenta tana maimaita kalmar shahada. Leɓunan Inna Fatna suka motsa, suka sake motsawa, suka tsaya. Rana ba ta faɗi ba tukuna. A ƙasa, wani mai sayar da iskar gas yana ta buga tukunyarsa da ƙarfe, yana wucewa.

Kafin magariba ɗakin ya cika da matan Sudan na unguwar. Wijdan ta shigo daga baranda tana share fuska, ta ja Mardiya gefe.

"Alhamdu lillah. Madam ɗina ta ce a kai Yumma makabartar gidansu. Ɗakin mata akwai wuri, za ta kwanta kusa da mahaifiyar Madam. Khalas, shi ke nan, ba sai mun yi yawon neman wuri ba. Wa yake yi wa baƙo haka?"

Karamci ne babba, Mardiya ta sani. Ta san kuma irin wahalar da baƙi ke sha kafin su samu inda za su sa mamacinsu. In ta kame bakinta, ba wanda zai taɓa sani. Ta dubi gadon, inda aka lulluɓe tsohuwar da farin mayafinta.

"Wijdan, Inna ta bar min magana. Ta ce ba ta son ɗaki. Rami take so, da ƙasa."

"Yaushe ta ce?"

"Ɗazu, kina waya."

"Ke ce 'yarta ko ni?" Muryar Wijdan ta tashi har matan suka waiwayo. "In kira matar da nake ci a ƙarƙashinta in ce mata ba ma so? Gobe da wane ido zan shiga gidanta?"

"Ma'alish, ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Amana ce, na sauke. Yadda kika yanke, shi za a yi."

Wijdan ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ni ma ta faɗa min. Ban bari ta ƙarasa ba ne."

Ta ɗauki wayar. Mardiya na jin ta tana magana da Larabci, tana godiya, tana ba da haƙuri, tana sake godiya. Da ta kashe, Mardiya ta matso kusa da ita.

"Me ta ce?"

"Ta ce yadda muka so. Muryarta dai ta yi sanyi."

Ayuba ne ya bi Amm Hussain, dattijon mutanen Sudan na unguwar, suka fita bayan isha'i. Da jiya ne, da ba su isa su yi nisa ba saboda dokar. Suka samu mai gadin wata makabarta a bakin hamada, inda ake tona kabari irin na gida, ya yarda.

Da safe Mardiya ta shiga cikin masu wanka. Ba ta taɓa wanke gawa ba. Wata dattijuwa ta riƙa nuna mata, ita tana zuba ruwa, Wijdan na tallafe da kan mahaifiyarta. Bayan sallar Juma'a maza suka sauko da makara ta ƙunƙuntar matakalar benen, suna jirkita ta a kowace kwana. Ummu Karim ta tsaya a ƙofarta ta ɗaga yatsa tana shahada har suka fice.

Da yamma Ayuba ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofar mamaciyar ya yi sallama.

"Malam, an yi?" in ji Mardiya.

"An yi. Ni da Amm Hussain muka shiga muka kwantar da ita. Ramin ya yi zurfi, ƙasar kuma busasshiya ce. Allah ya jiƙan Inna."

Ya cire takalmansa ya kakkaɓe kafin ya wuce ɗakinsu. Yashi mai ruwan ƙwai ya zubo a kan siminti. Wijdan ta miƙe ta ɗauko tsintsiya, ta zo har wurin. Ta tsaya tana kallon yashin. Sai ta jingine tsintsiyar a bango, ta tsuguna, ta fara tattara shi da gefen hannunta.