Fiffiken Teburin Baba Yisa

"Na ce riƙe, ban ce ka ɗora ba!"

Shekwolo ya ƙara ɗaga fallen fomikar sama. Hannuwansa sun gaji. Asabar ta uku ke nan da maƙwabcinsa Baba Yisa, tsohon kafintan reluwe, yake aiko masa a kan cewa aikin minti goma ne.

Teburin na Rashidatu ne, matar Baba Yisa. Gwiwoyinta sun daina yarda da girkin tsugune, kicin ɗin kuma bai wuce taku uku ba. Shi ya sa tsohon ya yi wa teburin fiffike a kan hinji biyu: a ɗaga in za a yi aiki, a sauke in za a wuce. An gama liƙa wa saman fomika mai zanen katako. Saura fiffiken.

"Baba, gam ɗin nan ya bushe."

"Bai bushe ba. Sai ka taɓa da bayan yatsa ka ji bai biyo ka ba." Ya yi tari mai tsawo. "Shekara talatin kana safiyo a ma'aikatar filaye, amma ba ka san jira ba. Allah ya jiƙan filayen Minna."

Rashidatu ta leƙo daga ɗaki. "Likita ya hana shi shaƙar wannan abu. Shekwolo, ka faɗa masa."

"Mama, na faɗa."

"Likitan ya taɓa riƙe zarto?" in ji Baba Yisa.

Dokar gam ɗin guda ce. Ana shafa wa katako, a shafa wa fomika, kuma da zarar sun haɗu sun haɗu ke nan. Don haka ake jera ƙananan sanduna a tsakani, a daidaita, sannan a zare su ɗaya bayan ɗaya. Shekwolo ya ɗora fallen a kan sandunan, ya ce a bar shi ya zare, tunda hannun tsohon na rawa.

"Hannuna ya yi wa taragon jirgi kujeru kafin a yaye ka. Matsa."

Baba Yisa ya zare ta farko lafiya. A ta biyu tari ya kama shi, tafinsa ya danne gefe. Fomikar ta kama. Zanen fiffiken ya kauce wa na saman da faɗin yatsa, bakin katako ya leƙo a kusurwa ɗaya.

Baba Yisa ya daɗe yana kallo. Sannan ya zauna a kan benci.

"Safiyo, kai ka karkace sandunan."

"Ni?"

"Kai mana. Asabar ka zo da fetur mu ɓanɓare. In ban iya tashi ba, ka yi kai kaɗai. Ba wanda zai ga wannan a gidana. Ka ji?"

"Na ji."

"Ce ka yi alkawari."

Shekwolo ya yi, don dai ya samu ya tafi.

Ranar Talata da hantsi Baba Yisa ya rasu. Kafin la'asar an kai shi. Shekwolo ya taya jera kujeru a ƙofar gida, ya tsaya gefe lokacin da ake salla. Da mata suka fara cika tsakar gida, ya shiga ya rufe teburin da tsohuwar tabarma, yana jin haushin kansa. Kafintoci biyu daga Kasuwar Kure sun zo gaisuwa. Sai da ya tsaya a gaban teburin har suka fita.

Ranar Asabar ya zo da kwalbar fetur da wuƙar kankarewa da sabon falle. Ya yi sallama. Rashidatu tana zaune a bakin ɗaki cikin hijabi, carbi a hannunta.

"Ina za ka da fetur a gidan makoki?"

Ya yi mata bayani.

"Ba za ka taɓa ba."

"Mama, alkawari na yi masa. Ni ma na gaji da teburin nan, Allah ya sani. Awa ɗaya ce."

"Kai ka karkace?"



"Ina kallo ta taga," ta ce. "Shekara arba'in da huɗu ina gidan nan. Ko tabarma na shimfiɗa sai ya zo ya gyara mata baki. In na ajiye buta, sai ya juya ta. Yau na samu abu ɗaya da shi ya karkace, ka zo ka ɓanɓare mini?"

"Ya ce kada kowa ya gani."

"Kicin ɗina ne. Wa zai gani? Ni ce, kuma na riga na gani."

Shekwolo ya tsaya da kwalbar a hannu. Ko bayan ya mutu, tsohon ya bar shi a tsakiyar gardama.

"To bari in goge bakin da magagari, kada ya yanke ki."

"Wannan ka yi."

Ya goge a hankali, ya hure ƙurar. Su biyu suka shigar da teburin kicin. Ya shiga daidai, ƙofa ta rufu ba ta taɓa shi ba. Rashidatu ta ɗaga fiffiken, ta tura ƙafar da ke tokare shi, ta shafa kusurwar da katako ya leƙo. Sannan ta jawo kwandon albasa, ta fara yanka a tsaye.