Ruwan Toka Na Uku

Cokali na biyu ko maƙogwaro bai wuce ba Ahku Gutnel ta dawo da shi, har da na farkon, a kan bargo. Ristin maƙwabciyarta ta tsaya riƙe da kwano.

"Ruwa nawa kika jiƙa gansakukar?" in ji tsohuwar, da numfashinta ya dawo.

Ristin ta ce ta wanke ta sosai a famfo, har sau huɗu.

"A famfo." Ahku ta lumshe ido. "Shekara ashirin kina ƙetaro mini shinge, 'yar nan, ashe kofi kawai kike zuwa sha."

Ranar Laraba ce, kwana takwas ke nan rabon cikin Ahku da abin kirki. Ciwon ya cinye ta, duk ƙauyen an sani, ita ma ta sani. Ba mutuwar ce damuwarta ba, inda za a yi ta ne. Mijinta a asibitin bakin teku ya cika, tafiyar awa huɗu a mota, babu wani nasa a kansa, ita kuwa ta rantse ba za ta bi sawunsa ba. Sai dai tun lokacin kaka ɗanta da ke Oslo ya tsare ta gaban likita har ta yi alkawari: muddin abinci na shiga za a bar ta a gidanta, ranar da ya daina kuwa za ta shiga motar asibiti ba gardama. Ahku ba ta magana biyu, abin haushin ke nan. Torunn ma'aikaciyar jinya ta ce za ta zo Juma'a da safe, in ba ta ga an ci da idonta ba za ta kira motar.

Babu abin da Ristin ba ta dafa ba. Romon barewa, kifi, ƙwai, duk a banza. Abu ɗaya tsohuwar ta ce ranta na so, kunun gansakuka da madara, irin wanda uwarta ke dama musu in tari ya kama su. To a ina za a samo gansakuka a wannan hunturu? An yi ruwan sama a kan dusar ƙanƙara, ya daskare, ƙasa ta rufe ruf, bareyin kiwo ma kofatonsu ya kasa fasawa. Dole Ristin ta zazzage buhunan farar gansakukar da mijinta Heaika ya tanadar wa ƙananan bareyi, ta durƙusa a rumfa tana tsintar irin da ake kunun da ita, mai ɗan ja da faɗin ganye, ɗaya bayan ɗaya, har yatsunta suka daina ji. Tafi biyu ta samu. Ɗaya ga shi nan a kan bargo, sauri ya haifi nawa.

Ahku kuwa ba wadda za a yi wa kwaɓa a wannan fanni ba ce. Shekara talatin ta yi a ɗakin gwaje-gwaje a Tromsø, tana tatsar sinadaran da ke cikin gansakuka, dangin fenol, masu sunaye kamar zagi. Heaika kan tsokane ta wai gwamnati ta biya ta albashi don ta gano abin da kowace barewa ta sani tun tana shan nono. Ita kuma ta ce ai shi ya sa take ganin girman barewa fiye da mai ita.

"Abin nan ba shi da ƙafar gudu, ba shi da ƙaya," ta ce wa Ristin yanzu, muryarta can ƙasa. "Ɗacin nan shi ne makaminsa, da shi yake kare kansa daga rana da bakin maciya. Ruwan banza ba ya cire shi. Toka, 'yar nan. Ruwan toka uku, kowanne ya kwana."

Ristin ta ƙirga a yatsu. Uku ya kai Asabar.

Ta kwashi tokar murhu ta tace, ta jiƙa tafin ƙarshe. Ta kira Torunn ta roƙe ta ta ƙara kwana ɗaya, ɗaya tak. Torunn ta ce ba daga ita ba ne, ɗan yana bugo waya safe da yamma, likita kuma ya riga ya rubuta. Ristin ta kira ɗan, ya ce shi ma uwarsa ce, ba zai zauna yunwa ta kashe ta a ɗaki ba. Me za ta ce masa? Gaskiyarsa ce. Ta ajiye wayar ta shiga rumfa ta yi kuka mai isarta. Heaika ya leƙo ya ce a zuba sukari da yawa mana, ai sukari ba ya faɗa da kowa. Kallon da ta yi masa ya sa ya tuna yana da aiki a garke.

Ranar Alhamis Ahku ta sa aka ɗauko mata akwatinta na katako daga saman kabad. Ta narka wani gari a 'yar kwalba, ta yagi gansakukar kamar ƙumba, ta ɗora a farin faranti, ta kankare bayanta, ta ɗiga. Ta ce in ɗacin na nan wurin zai yi ja, in ya fita ba abin da zai canza, kuma abin da aka ɗiga wa ba a kai shi baki. Suka zuba ido. Kafin Ristin ta haɗiye yawu wurin ya yi rawaya, ya koma ja jawur.

"Da saura," in ji Ahku. "Canza ruwa." Ristin ta zuba na biyu, ta tace na uku ta ajiye a roba.

Ristin ta tambaya ko a tafasa tokar, ko a ninka ta, ko a daka ganyen. Ahku ta ce shekara arba'in abin nan ya yi kafin ya kai tsawon ɗan yatsa, ba zai saki abin hannunsa don Torunn na sauri ba.

Juma'a da safe Ristin ta ɗauraye gansakukar ta kawo, hanci na zuba don murar da rumfa ta sa mata, ido ya raina fata. Ahku ta karɓi farantin da kwalbar, sannan ta ce ɗakin ya yi sanyi, a je a ƙara itace. Ristin ta ce bari a ɗiga tukuna.

"Sai na daskare za ki motsa?"

Da ta dawo da itacen, tsohuwar na kwance tana murmushi, kwalbar a rufe.

"Fari tas. Tokarki ta fi ta uwata ƙarfi. Maza ɗora madara."

Wayyo, daɗi! Ristin har ta manta ta ce a nuna mata. Ta dama kunun ya yi kauri yana santsi, ta ɗebo a cokali za ta ɗanɗana, sai muryar Ahku ta taso daga ɗaki: kada ta kuskura ta sa wannan bakin mai mura a tukunyar mutane.

Torunn ta iso ƙarfe goma, ta zauna bakin gado da jakarta a cinya. Ahku ta ƙi a ba ta a baki, ta karɓi cokali da kanta. Ɗaya. Biyu. Ristin na ƙirgawa a zuci, kamar ita ce ke haɗiyewa. A na biyar gumi ya tsattsafo wa tsohuwar a goshi, ta dakata, ta tambayi Torunn ko har yanzu mijinta na kamun kifin nan da ba ya kama komai. Torunn ta yi dariya. Shida, bakwai, har ta kankare gindin kwanon.

"Haka uwata ke yin sa," ta ce. "Rubuta, ki kuma gaya wa ɗana."

Torunn ta rubuta, ta ce sai Talata. Motarta na barin ƙofar gida Ahku ta ce wa Ristin ta tafi gida haka nan, barci take ji, kuma ta gaji da jin jan majina. Ristin ta fitar da tukunyar baranda ta tafi, ƙafarta ko ƙasa ba ta taɓawa.

Ahku ba ta ƙara neman kunun ba, ruwa kawai take kurɓa. Ranar Lahadi da hantsi ta cika a gadonta, fuskarta na kallon tagar da ake hango tudun kiwo. Ristin na riƙe da hannunta, Heaika na tsaye bakin ƙofa da hularsa a ƙirji.

Bayan an ɗauke ta Ristin ta zo yaye shimfiɗa. Tana ɗaga matashi ta ji abu mai tauri a cikin rigarsa. Farin farantin ne, naɗe da hankici. Ɗan guntun gansakukar ya bushe ya manne a tsakiya, ja jawur.

Ta ajiye matashin. Sannan ta fita baranda, ta buɗe tukunyar, ta kankaro kunun da ya daskare ta ɗora a harshe. Ɗacin ya doke ta har cikin kunne, kamar an fasa maɗaciya a miya, hawaye suka zubo mata ba shiri. Kwano guda! Ita kuma tana gefe tana ƙirga, tana murna.

Ba ta tofar ba. Ta haɗiye, ta koma ciki ta ajiye farantin a bakin taga kusa da 'yar kwalbar. A ƙarƙashin teburin kicin robar ruwan toka na uku na nan yadda ta tace shi tun ranar Alhamis, tokar ta kwanta a ƙasa, ruwan ya yi garau.